Sanyin Tabuk na neman kashe min attarugun mahaifiyata, ina mafita?

Talata, bayan Isha'i

Baban Walid (Tabuk): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, kuma abin na gaggawa ne. Ina aiki a wata mazra'a, wato gona, a wajen garin Tabuk a Saudiyya, wannan ne hunturuna na biyu. A watan Oktoba wata 'yar garinmu da ta zo Umara ta kawo min busasshen attarugu daga wurin mahaifiyata, irin wanda take shukawa a bayan ɗakinta tun muna yara. Na fasa guda shida na tsince 'ya'yan, na rena su a kofunan roba, Allah Ya sa 40 suka fito. Kafil, wato maigidan da nake wa aiki, ya ba ni izinin ajiye su a sito kusa da ɗakin kwananmu, taga ɗaya ce, na ƙara musu fitila. Da suna tafiya lafiya, amma tun da Marba'aniyya, wato kwana arba'in na tsananin sanyi, ta shigo suka tsaya cak. Bayan ganyen ya rine ya koma ruwan makuba. Yau da asuba na tarar uku sun kwanta, gindinsu ya tsuke kamar zare. Tunanina in kai musu kaskon gawayi daren nan in rufe ƙofa. Me kuka gani?

Maman Ilham (Madina): Wa alaikumus salam. Baban Walid don girman Allah kada ka kai gawayin nan. Bari in idar da abin da nake yi in yi maka bayani, amma kada ka kunna.

Malam Idi (Buraida): Wa alaikumus salam. Maganar Maman Ilham gaskiya ce, ajiye kasko. Kafin in ce komai, amsa min tambaya uku. A kan me kofunan suke zaune? Wane lokaci kake ba su ruwa? Kana da ma'aunin zafi a ɗakin?

Baban Walid (Tabuk): Malam, a ƙasa suke a jere kan siminti, jikin bangon taga don su sami rana. Ruwa kuma da yamma nake ba su idan na tashi aiki, daga tankin waje. Ma'auni ba ni da shi, waya nake dubawa, jiya ta nuna digiri 3.

Malam Idi (Buraida): To ga cutar nan ka faɗa da bakinka, ƙanina. Shekarata 14 a bait mahmi, wato rufaffiyar rumfar noma, tumatir da kokwamba da tattasai, kuma abin da na fi gani yana kashe dashe a hunturu ba iskar ɗaki ba ce, sanyin saiwa ne. Siminti na zuƙe ɗumin kofi dare farai. Ka zo ka zuba masa ruwan tanki mai sanyin ƙarara da magariba, ya kwana jiƙe sharkaf a jikin bangon da ya fi ko'ina sanyi. Attarugu ɗan ƙasar zafi ne, ya fi tumatir raki nesa ba kusa ba. Irinsa ma ba ya tsirowa da kyau sai ƙasa ta kai digiri 25 zuwa 30. Da dare yana son kada a sauka ƙasa da 15. Idan aka kai 10 ya daina girma, idan aka taɓa sifili shi ke nan.

Rinewar ganyen da ka gani ba ƙarancin taki ba ne. Idan ƙasa ta yi sanyi saiwa ba ta iya jan sinadarin fosforas ko da yana nan jibge. Ina faɗa ne don na san gobe wani zai ce maka ƙara taki, ka ƙara ka ƙone su. Waɗanda suka kwanta kuwa ruɓewar gindi ce, fumfuna ce mai son sanyi da laima. Ba sa tashi. Cire su da ƙasarsu ka zubar nesa, kada ka sake amfani da kofin sai ka wanke.

Maman Ilham (Madina): Na dawo. Abin da ya sa na ɗaga murya, a gidanmu aka yi. Ƙanin mijina yana kiwo a wajen Ha'il, su uku a ɗaki ɗaya. Dare ya yi sanyi suka shigo da garwashin da suka dafa shayi, suka toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Wajen ƙarfe uku ɗayansu ya farka kansa na sarawa, ya miƙe zai fita ƙafa ta ƙi ɗaukarsa, da rarrafe ya kai ƙofa. Ya ce yana ganin mariƙin ƙofar amma hannunsa ya kasa kamawa, sai a karo na uku. Shi ya jawo sauran waje ta ƙafa. Ƙanin mijina ya kwana biyu a asibiti da abin numfashi a fuska. Na ukunsu, yaro ne da bai kai 25 ba, bai tashi ba. Mu muka kira mahaifiyarsa.

Iskar da gawayi ke fitarwa a rufaffen ɗaki ba ta da wari, ba ta da launi, kuma jini ya fi kama ta fiye da iskar numfashi sau 200 da ɗoriya. Mutum ji yake kamar barci ne mai daɗi ke ɗaukarsa. Ka ce siton yana kusa da ɗakin kwananku, to ta saman bango da ramin waya za ta ratso. Duk wanda ya ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya a ɗakin da ake jin ɗumi, a buɗe ƙofa a fita tukuna, sannan a kira motar asibiti a 997. Gobara kuma 998.

Baban Walid (Tabuk): Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya jiƙansa Ya ba iyayensa haƙuri. Wallahi Hajiya har na riga na ɗebo gawayin a buhu yana bakin ƙofa. Na mayar.

Alhaji Tanko (Makka): Amin. Na maƙale saƙon Maman Ilham a saman zaure, kowa ya karanta. Mu nan Makka ba mu san wannan sanyin ba, amma 'ya'yanmu da ke arewa, Tabuk da Sakaka da Ar'ar da Turaif, duk shekara sai mun ji labari.

Usman Mai Wurno (Sakaka): Allah Ya jiƙan musulmi. Baban Walid ɗan'uwa, ni ɗan Mai Wurno ne, bakin Kogin Nilu Shuɗi a Sudan, kuma na yi aikin lambu a Dongola kafin in ƙetaro. Can ma sanyin dare na cizo. Abin da tsofaffi ke yi, su haƙa rami, su zuba ɗanyen kashin dabbobi da ciyawa, su rufe da ƙasa taƙi ɗaya, su ɗora reno a kai. Takin na ruɓewa yana ba da ɗumi daga ƙasa, ka sa hannu ka ji kamar tuwo. Babu kuɗin wuta, babu waya. Kana mazra'a, taki ba zai yi maka wuya ba.

Malam Idi (Buraida): Usman, dabarar gaskiya ce, tsibin taki na iya haura digiri 50 a cikinsa. Amma a waje ake yinta. A rufaffen sito warin da ɗanyen taki ke fitarwa yana babbake bakin ganyen ƙananan dashe, ga ƙuda, ga laima da za ta ƙara masa fumfunar da yake fama da ita.

Usman Mai Wurno (Sakaka): To ai sai ya fitar da su waje ya yi musu rumfar leda. Ni ban yarda da reno a ɗaki ba sam, Malam. Shukar da ba ta sha rana sosai ba doguwa take yi kamar taliya, ka dasa ta ta faɗi.

Malam Idi (Buraida): A Sakakar taka za ka fitar da attarugu mai ganye huɗu waje cikin Marba'aniyya? Leda falle ɗaya ba ta riƙe ɗumi. Daren da sama ta yi garau, babu gajimare babu iska, shi ne mugun dare, ƙasa na sakin zafinta sama kai tsaye. Da idona na ga cikin rumfar leda ya yi daidai da waje da asuba. A sanyin Janairun 2008 ban zo ƙasar ba, amma waɗanda na tarar har yau suna ba da labarin yadda gonaki suka ƙone ƙurmus a dare ɗaya. Kuma Tabuk ce fa, inda dusar ƙanƙara ke sauka a dutsen Jabalul Lauz.

Usman Mai Wurno (Sakaka): Leda biyu da iska a tsakani, a yafa buhu ko bargo da magariba, a yaye da hantsi. Haka nake yi wa tumatirina kuma suna nan da ransu.

Malam Idi (Buraida): Tumatir ka ce. A kan tumatir ban musa maka ba. Shi kuwa iri 37 ne suka rage masa a duniya, na mahaifiyarsa, ba shago zai je ya sayo wani ba.

Usman Mai Wurno (Sakaka): Wannan kuma haka ne. Amma maganar rana ina nan a kai, a riƙa fitar da su da azahar.

Malam Idi (Buraida): A nan mun haɗu.

Laraba, da safe

Injiniya Bashir (Riyad): Salam. Yanzu na karanta duka. Ni aikin lantarki nake, bari in kawo lissafi don Baban Walid ya zaɓa da ido buɗe.

Daffaya, wato na'urar ɗumama ɗaki ta lantarki, mai mai a ciki, irin mai haƙarƙari, ta wat 1500, idan ta yi awa 8 tana ci ba tsayawa ta sha kilowat-awa 12. A farashin gidaje halala 18 ne kowane kilowat-awa, wato riyal 2 da halala 16 a dare, kusan riyal 65 a wata, ban da harajin kashi 15. Kuɗin ba su kai a gudu ba. Matsalar ita ce mitar ta kafil ce, sai ka sanar da shi kafin fatura, wato takardar kuɗin wuta, ta sanar da shi. Ta biyu, wallahi yawancin gobarar da nake zuwa gyara bayanta daga tausila, wato wayar ƙarin soket, mai araha take. Daffaya a soket na bango kai tsaye ake sa ta, ita kaɗai. Bayan rabin awa ka taɓa kan filogin, in ya yi zafi kashe. Mai jan ƙarfe kuwa, wadda ke yin ja wur, kada ta kusanci leda ko bargo ko kwali.

Amma ni a ganina ɗumama sito guda saboda kofuna 37 asara ce. Ka rage wurin. Sami tebur ko katakon da ake ɗora kaya, ka shimfiɗa falin a kai, farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin firji. Jera kofunan a manne da juna. Ka yi musu 'yar bukka da sanduna da leda, tsayin gwiwa ko ɗan fi, da dare ka yafa bargo. Sannan ka cika jarka huɗu masu lita 20 da ruwa mai ɗumi na sakhana, wato na'urar ɗumama ruwa, kamar digiri 45, ka jera a gefe cikin bukkar. Jarka ɗaya idan ta huce daga 45 zuwa 15 ta saki kusan kashi 7 cikin 10 na kilowat-awa. Huɗu sun kusa kilowat-awa 3, a hankali, har asuba, babu waya babu wuta. Kada jarkar ta taɓa ganye.

In kana da hali akwai shimfiɗar ɗumama reno ta lantarki, wat 20 ko kusa da haka, ana samu a mashtal, wato gidan renon shuka, ko a intanet. Ka haɗa da na'urar da ke kashe ta idan zafi ya kai inda ka saita, ka tsoma bakinta cikin ƙasar kofi ɗaya, ka saita 22.

Hajiya Kulu (Ɗa'if): Sannu Injiniya, Allah Ya ƙara basira. Ni jarkar nake yi wa na'ana'a da ɗan zogalena a baranda shekara uku ke nan, sai dai ni baƙin fenti na shafa musu ina shanya su a rana. Baban Walid ɗana, abu ɗaya zan ƙara. Da safe ka ɗaga ledar. Za ka ga ruwa ya taru a cikinta yana ɗiga kan ganye, wannan ɗigar ita ke kawo ruɓa. Na yi asarar tukwane biyar kafin in gane. Ruwan sha kuma ka ajiye shi a ɗakinku ya kwana, ka ba su da hantsi, kaɗan, sai ka tsoma yatsa ka ji saman ƙasar ya bushe.

Zogale kuwa ga duk mai shi, in ya zubar da ganye a sanyi kada a tumɓuke. Nawa sanda yake komawa duk Janairu, zafi na dawowa ya tofo.

Baban Walid (Tabuk): Na gode Mama. Injiniya, ruwan rana ba zai wadatar ba sai na sakhana?

Injiniya Bashir (Riyad): Ranar Tabuk a Disamba ba za ta kai maka jarka 45 ba. Za ta taimaka, amma a daren digiri 3 haɗa da na sakhana.

Sadik (Jidda): Yaya Baban Walid ga wata dabara. Ka juya lokacin fitilar, ta riƙa ci da dare lokacin sanyi, ɗan zafinta ya taimaka. A shafukan Turawa masu noman wiwi a cikin ɗaki na gani, su ne gwanayen wannan harkar, har da hotunan tantinsu. In ana so in turo.

Alhaji Tanko (Makka): Sadik, kada ka turo. Kuma ka saurare ni da kyau, don da mahaifinka muka yi zaman unguwar Jarwal a Makka. Wannan zauren na kayan miya ne da abin da ya halatta. A ƙasar nan dokar miyagun ƙwayoyi ta 2005 ta sa shuka wannan abin cikin manyan laifuka, kuma tun Nuwamban 2022 aka dawo da zartar da hukuncin kisa kan laifukan ƙwaya. Baƙo ko ya tsira da ransa, ɗauri ne sannan kora. Ka duba halin ɗan'uwanka: baƙon ma'aikaci, da tanti da fitila a rufaffen sito, sai kuma a buɗe wayarsa a tarar da hotunan da kake son turowa. Wa zai tsaya sauraron cewa attarugu ne kafin a tafi da shi? Kun manta ɗalibar Kano da aka tsare a ƙarshen 2018 kan ƙwayar da wasu suka saka a jaka da sunanta? Ba ta ci ba ba ta sha ba, amma sai Afrilun 2019 ta fito, bayan gwamnati ta shiga maganar. Mu nan mutum sama da ɗari biyu ne, kowa da iƙamarsa, wato takardar izinin zama, da iyalinsa.

Sadik (Jidda): Baba ka yi haƙuri. Wallahi ban taɓa sha ba, ban taɓa shukawa ba, binciken fitilar shuka nake don kuɓewar da na sa a saman bene shafin ya fito min. Na goge.

Alhaji Tanko (Makka): Na yarda da kai, shi ya sa na yi maka magana a fili ban cire ka ba. Allah Ya yi maka albarka. Baban Walid, kai ma ka kira kafil ya leƙa bukkar da idonsa ranar da ka haɗa ta, ya san abin da ke ciki.

Malam Idi (Buraida): Batun fitila da dare ba sirrin kowa ba ne, Sadik, duk mashtal an san shi. Sai dai a nan ba zai yi wani tasiri ba. Fitilar LED ba ta da zafin kirki, kuma dashen na samun hasken taga da rana, in ka ƙara na dare gaba ɗaya ba su huta ba. Abin da zai yi, ya kunna ta tun ƙarfe uku ko huɗu na dare zuwa hantsi, don sanyi ya fi tsanani dab da fitowar rana. Duka-duka hasken ya zama awa 14 zuwa 16.

Wani kuma ya tambaye ni ta gefe kan daffayar kananzir da ta gas. A'a. Ban da haɗarin da Maman Ilham ta faɗa, tana cika ɗaki da laima, kuma in ba ta ci da kyau ba tana fitar da wata iska da ke sa ganyen tumatir da barkono lanƙwashewa ƙasa, fure ya zube. Mun taɓa rasa layi guda saboda ita.

Asabar, bayan Asuba

Baban Walid (Tabuk): Salam jama'a, ga rahoto. Ranar Laraba na samo falin a shagon masu firji, kyauta suka ba ni. Na haɗa bukkar da sandunan bututun ban ruwa, kafil ya zo ya gani, har ya ba ni tsohon bargon mota. Na sayi ma'aunin da ke riƙe mafi ƙarancin zafin dare. Daren Alhamis waje digiri 2, cikin sito 7, cikin bukka 14. Daren jiya na makara ban canja ruwan jarka biyu ba, ya sauka 11. Wasu shida sun ƙara kwantawa, ina jin dama sun riga sun kamu. Saura 31. Amma yau da na ɗaga bargon na haska, guda tara sun fito da sabon ganye a tsakiya, ɗan ƙarami kamar kunnen ɓera, kore shar, babu makuba ko kaɗan. Na daɗe a tsugune ina kallo har ladan ya tada iƙama. Na ɗauki hoto na tura wa ƙanwata ta nuna wa mahaifiyarmu.

Maman Ilham (Madina): Alhamdu lillahi. Me Inna ta ce?

Baban Walid (Tabuk): Ta ce in daina shayar da su kamar shinkafa, attarugunta ba ya son ruwa da yawa. Abin da Malam Idi da Mama Kulu suka faɗa dai.

Usman Mai Wurno (Sakaka): Madalla. Kana fitar da su rana?

Baban Walid (Tabuk): Ina fitarwa lokacin hutun azahar, awa biyu, a jikin bangon kudu inda iska ba ta bugu. Malam Idi, yaushe zan dasa su a ƙasa?

Malam Idi (Buraida): Kada ɗan sauƙin da za ka gani ya ruɗe ka. Marba'aniyya na fita tsakiyar Janairu, zangon sanyi na Shabaɗ ya karɓa da iskarsa mai yankan fuska, sannan zangon Aƙarib daga wajen 10 ga Fabrairu. A Tabuk ni ba zan sa attarugu a fili ba sai Maris ya yi nisa, ka ga dare bakwai a jere bai sauka ƙasa da 12 ba. Kafin nan kofi zai yi musu kaɗan. Da ka ga saiwa ta leƙo ta ramin ƙasa, ka mayar da su leda ko tukunya mai lita ɗaya ko biyu, da ƙasar da ta kwana a ɗaki, ba mai sanyin waje ba. In sun yi fure tun suna ƙanana ka tsinke na farko. Taki kuma sai sabon ganye ya buɗe sosai, rabin abin da aka rubuta a jikin kwali.

Injiniya Bashir (Riyad): In tukwane suka ƙaru bukkar za ta yi kaɗan, jarka huɗu ba za su riƙe babba ba. Lokacin ka turo min tsawo da faɗin sabuwar in sake maka lissafi.

Hajiya Kulu (Ɗa'if): Ɗana, idan Allah Ya sa sun yi 'ya'ya, ka bar na bishiyar da ta fi lafiya su nuna jawur a jikinta, ka shanya a inuwa. Ina kamun guda biyar.

Usman Mai Wurno (Sakaka): Ni ma biyar. Motar kayan lambu na zuwa Tabuk daga nan duk mako, zan haɗa ka da direban.

Baban Walid (Tabuk): In sha Allahu na rubuta sunayenku. Bari in je in ɗaga musu leda, rana ta fito.